Likitan da ke cire ƙari daga ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi kan karatunsa da aikinsa

Mutane iri biyu ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. Akwai ɗalibai masu sha'awar wannan fanni, akwai kuma iyalan da aka miƙa wa hoton kan ɗan'uwansu aka ce an ga ƙari, su je su ga likitan tiyata. Amsoshin na ƙasa na su duka ne. Ba su maye gurbin ganin likita ba, domin ƙarin wani ba na wani ba ne.

Wane ne wannan likita, kuma me ya raba shi da sauran likitocin ƙwaƙwalwa?

Likitoci uku ne ake yawan haɗa su a rikice. Na farko likitan jijiyoyi, wanda ke duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da makyarkyata, yana ba da magani amma ba ya riƙe wuƙa. Na biyu likitan taɓin hankali. Na uku shi ne likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, wanda ke buɗe ƙoƙon kai ko ƙashin baya ya yi aiki a ciki. A cikin na ukun nan ne wasu ke ƙara zurfafawa a kan ƙari kaɗai. A manyan asibitocin Turai da Amurka za ka samu likitan da kusan ba ya taɓa komai sai ƙari. A ƙasashen da likitocin ba su da yawa, wanda ya cire ƙari da safe shi ne za a tasa da tsakar dare saboda ɗan acaɓa da ya fasa kai.

Duk ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa kansa ne, wato ciwon daji?

A'a, kuma wannan ita ce magana ta farko da ya kamata iyali su fahimta kafin su fara kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera nau'o'in ƙari na ƙwaƙwalwa da laka sama da 100, ta kuma ba su matakai daga 1 zuwa 4 gwargwadon zafin halinsu.

Wanda aka fi gani a manya shi ne meninjiyoma. Ba daga ƙwaƙwalwar kanta yake tsirowa ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta ne, sai ya riƙa danna ta daga waje. Ya fi kama mata, yawancinsa mataki na 1 ne, yana girma a hankali, kuma idan aka cire shi duka da inda ya kafu, mutum na iya rabuwa da shi ke nan. Akwai ƙarin halittar nan da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, mai sarrafa sinadaran jiki. Shi kan zo da alamun da ba wanda zai danganta da kai: mace ta daina ganin al'ada, nono ya riƙa zuba ba ciki ba goyo, haihuwa ta ƙi, ko mutum ya daina ganin abin da ke gefensa. Akwai na jijiyar ji, wanda ke kashe kunne ɗaya a hankali.

Sai dangin giliyoma, waɗanda ke tsirowa daga cikin naman ƙwaƙwalwar. Mafi muni a cikinsu shi ne giliyobilastoma, mataki na 4. Sannan akwai ƙarin da baƙo ne, ya taso daga kansar huhu ko ta mama ko ta ƙoda ya biyo jini ya sauka a kai. A yara kuwa ƙari ya fi son ƙeya, inda yake toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa.

Sai dai kada kalmar "ba kansa ba ne" ta sa a kwanta. Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa, kuma cike yake da ƙwaƙwalwa da jini da ruwa. Duk abin da ya ƙaru a ciki, wurin wani ya ci. Ƙari mai sanyin hali da ya zauna a mugun wuri na iya makantarwa ko kashewa.

Wani abin da likitan da ke aiki a inda tarin fuka ya yawaita ba ya mantawa shi ne, ƙwayar tarin kan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa wanda a hoto yake kama da ƙari. Wannan sau da yawa magani ne ke narkar da shi.

Waɗanne alamu ne ke kai mutum wurinsa?

Ciwon kai kaɗai da wuya ya zama ƙari. Wanda ake tsoro shi ne sabon ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, yana zuwa da amai ko dishi-dishin gani. Sai rauni a hannu ko ƙafa na gefe ɗaya da ke shigowa a hankali, harɗewar magana, tangaɗi, gani biyu-biyu.

Alamu biyu ne suka fi ɓata wa mutanenmu lokaci. Ɗaya farfaɗiyar da ta fara wa baligi wanda bai taɓa yi ba. Ɗaya kuma sauyin hali: dattijo mai kamun kai ya fara ɓaramɓarama, ko mace mai kazar-kazar ta koma zugum ba ta kula da komai. Duka biyun nan da nan ake cewa iskoki ne ko an yi masa asiri, a yi wata shida ana turare da rubutu, sai ido ya tafi sannan a nemi asibiti. Addu'a ba ta hana ɗaukar hoto. Duk babban da farfaɗiya ta fara wa rana tsaka, hakkinsa ne a yi masa hoton kai.

Shekara nawa ake yi kafin a kai ga wannan matsayi?

A Najeriya lissafin haka yake: shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta horon sabbin likitoci, shekara 1 ta yi wa ƙasa hidima, sannan a ci jarrabawar share fage a nemi gurbin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa. Horon kan ɗauki shekara 6 ko fiye, farkonsa a tiyata ta gaba ɗaya, sauran a sashen ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa. A Amurka shekara 4 ce ta digirin farko, 4 a makarantar likitanci, 7 a horon tiyatar ƙwaƙwalwa. A Ingila horon ƙwarewar shekara 8 ne. Mai son keɓancewa ga ƙari kan ƙara shekara 1 ko 2 a hannun wani gwani. Idan ka haɗa da jiran gurbi da maimaita jarrabawa, da wuya mutum ya tsaya da ƙafarsa kafin ya haura 35.

Yaya ake yin aikin kansa?

Rabin aikin ana gama shi kafin a taɓa majinyaci. Likitan kan zauna gaban hoton MRI, wanda ke nuna cikin kai dalla-dalla, yana juya shi ta kowane ɓangare: ina ƙarin ya tsaya, wace jijiyar jini ke ciyar da shi, wace ce ta ratsa ta gefensa kawai tana kai jini wani wuri, ta wace hanya za a shiga ba a taka abin da ke da amfani ba. Kwanaki kafin aiki ana ba da maganin rage kumburi, deksametason, wanda kan sa majinyaci ya warware har dangi su ce ai ya samu sauƙi, a fasa. Kumburin ne ya sauka, ƙarin yana nan.

Ranar aiki, bayan an sa shi barci, ana kafe kan da wani maƙalli mai tsinke uku don kada ya motsa ko kaɗan. A inda ake da na'urar nuna hanya, ana daidaita hoton da kan mutumin, ta yadda duk inda aka ɗora tsinken na'urar za a gani a allo. Ana yanka fata, yawanci a cikin gashi, a huda ƙashin da injin, a yanko faifai guda a ajiye. Ƙarƙashinsa akwai tantani mai kauri, a tsaga shi. Daga nan sai a jawo babban madubin tiyata, kuma sauran sa'o'in duk ta cikinsa likitan zai riƙa kallo, hannu ɗaya riƙe da bututun tsotsa, ɗaya da hantsaki mai lantarki wanda ke ƙona bakin ƙananan jijiyoyin jini. Ba a fizgo ƙari. Ana fara rarake cikinsa, sau da yawa da wata na'ura mai farfasa nama da girgiza tana tsotsewa, sai ɓawon ya saki, a riƙa naɗe shi ciki ana raba shi da ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan. Tun ana tsakiyar aiki akan aika ɗan yanki ɗakin gwaji a ji ra'ayin farko. In an gama, a tabbatar ba inda ke tsattsafar jini, a ɗinke tantanin, a mayar da faifan ƙashin a ɗaure da ƙananan ƙarafa na titaniyom. Aikin na iya ɗaukar awa 3, yana iya haura 10.

Ƙarin fituwitari kuwa yawanci ba a buɗe kai ma. Ta hanci ake bi da siririyar kyamara.

Da gaske ne ana yi wa mutum aiki idonsa biyu?

Da gaske ne, kuma ba bajinta ake nunawa ba. Naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi. Fata da tantani ne ke ji, su kuma ana kashe su da allura. Dalilin tada mutum shi ne, wurin magana ba a daidai wuri ɗaya yake a kan kowa ba. An san a mafi yawan mutane yana ɓangaren hagu, tun aikin Paul Broca na Faransa a 1861, amma hoto ba ya nuna iyakarsa daidai, ƙari kuma kan ture shi gefe. Wilder Penfield ne ya shahara da wannan dabara a Montreal ta Kanada tun shekarun 1930, yana yi wa masu farfaɗiya aiki.

Ga yadda abin yake. An buɗe kai, an rage maganin barci, majinyaciya ta farka a ƙarƙashin mayafan tiyata. Wata ma'aikaciya na zaune gabanta riƙe da hannunta.

"Hajiya, kina ji na? Ki ƙirga mini daga ɗaya."

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu..."

Likitan ya ɗora tsinken lantarki mai rauni a wani wuri na ƴan daƙiƙoƙi. Ƙirga ta ci gaba. Ya matsa santimita ɗaya. Sai ta tsaya cak a bakwai, baki buɗe, ya ɗaga tsinken, ta ce "takwas". Ya ajiye ƴar takarda mai lamba a wurin: nan ba a taɓawa. Sai a koma nuna hotuna. "Wannan mene ne?" "Akuya." "Wannan fa?" Idan ta ce ta san shi amma sunan ya ƙi fitowa, an sake samun wata iyaka. Haka za a yi ta hira da ita har a gama cirewa, ana tambayarta sunayen jikoki, ana cewa ta motsa yatsu.

Mai harshe fiye da ɗaya ana gwada shi a kowanne, domin wuraren ba lallai su haɗu ba. Wanda ke Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a ofis, ya kamata ya faɗa tun kafin ranar. A 2020 a asibitin King's College na Landan, an cire wa wata mata ƙari tana kaɗa gogen Turawa, don a tsare mata motsin yatsun hannun hagu.

Me ya sa wani lokaci ba a cire ƙarin duka?

Nan ne ainihin sana'ar take. Hannu mai kyau ana samunsa da yawan yi. Abin da ke raba gwani da wanda bai kai ba shi ne sanin inda zai tsaya.

Meninjiyoma yana da iyaka, ana ganin inda ya ƙare. Giliyoma ba shi da ita. Kamar manja ne da ya ɗiga a farar riga: tsakiyar kowa na gani, amma gefen yana ta bajewa cikin zare har ba za ka ce ga inda ya tsaya ba. Bincike ya nuna cewa yawan abin da aka cire na ƙara tsawon kwana, don haka akwai dalilin matsawa. Amma kowace milimita da aka ƙara na iya zama ta hannun dama ko ta magana, kuma ƙwaƙwalwar da aka cire ba ta tsirowa. Mutumin da aka cire wa ƙari tas ya tashi ba ya magana ba ya tafiya, sau da yawa ba ya ma samun ƙarfin karɓar sauran magani. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a cire iya abin da za a iya cirewa lafiya.

An ƙirƙiro kayan taimako. Akwai wani ruwa, 5-ALA, da majinyaci ke sha sa'o'i kaɗan kafin aiki, wanda ke sa mugun giliyoma ya yi haske ja-ja a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Wani gwaji da aka yi a Jamus aka buga a 2006 ne ya tabbatar da amfaninsa. Akwai na'urorin da ke sa ido kan jijiyoyin motsi mutum na barci. Duk da haka na'urar nuna hanya kan fara kuskure da zarar an buɗe kai, saboda ƙwaƙwalwa na gusawa daga inda take a hoto. A ƙarshe mutum ne zai ce ya isa. A ganina likitan da ya fito ya ce "na bar kaɗan a jikin jijiya, da gangan" ya fi cancantar a amince masa a kan wanda ke alkawarin cire komai tun bai shiga ba.

Akwai lokacin da likitan kan ƙi yin aiki?

Sosai. Ƙaramin meninjiyoma da aka tsinta a kan tsohuwa ba ya damunta, sau da yawa sa ido ake yi da hoto lokaci-lokaci. Ƙarin fituwitari mai sa zubar nono yawanci ƙwayar magani, kabagolin, ke shanye shi. Wasu ƙananan ana ƙona su da haske mai ƙarfi da ake tattarawa a wuri ɗaya ba tare da yanka ba, dabarar da Lars Leksell na Suwidin ya ƙirƙiro, na'urarsa ta fara aiki a 1968. Wani kuma ya zauna a inda ba a shiga, sai dai a ɗebo ɗan yanki da allura don a san sunansa. Ba likitan tiyata kaɗai ke yanke wannan hukunci ba. Ana zama da likitan hoto, da na ciwon daji, da na ƙona ƙari, da mai duba nama a ɗakin gwaji. Tun 2016, kuma musamman a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ba kamannin ƙari a madubi kaɗai ake dubawa ba, har da sauye-sauyen ƙwayoyin halittarsa, irin su IDH, waɗanda ke nuna yadda zai yi hali.

Su wa suka fara wannan aiki?

William Macewen ya cire ƙari daga kan wata yarinya a Glasgow a 1879, ta kuma rayu. A 1884 Rickman Godlee ya cire na cikin naman ƙwaƙwalwa a Landan, ba hoto, alamun jiki kaɗai suka nuna masa wurin, amma majinyacin ya rasu bayan makonni saboda ƙwayoyin cuta sun shiga raunin. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Harvey Cushing na Amurka. Ya dage kan tsayar da jini da aiki a natse da rubuta sakamakon kowane majinyaci, ya kawo na'urar ƙona jijiyar jini ta William Bovie ɗakin tiyata a 1926, kuma zuwa 1931 ya yi aikin ƙari 2,000, masu mutuwa a hannunsa sun sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Daga baya Gazi Yaşargil, ɗan Turkiyya da ya yi aiki a Zurich, ya kafa tiyata ta cikin madubi, hoton CT ya zo a 1971, MRI ya biyo baya.

A Najeriya fa, ana yi?

Ana yi tun 1962, lokacin da Latunde Odeku ya dawo daga horo a Jami'ar Michigan ya buɗe sashen a asibitin koyarwa na Ibadan. A Arewa, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ke haɗe da kafuwarta, ta kuma horar da likitoci da dama. Ana yi a asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Wasu likitocin ƙasashen Afirka, musamman masu Faransanci, a cibiyar Rabat ta Maroko suka samu horo.

Matsalar ba ta hannu ba ce. Likitocin sun yi kaɗan ga mutane sama da miliyan 200, gadajen kulawa ta musamman sun yi kaɗan, injinan ƙona ƙari ƙalilan ne kuma suna yawan tsayawa, kuɗin kuma daga aljihun iyali yake fita. Mai shirin fita Indiya ko Masar ya tuna cewa tiyata rana ɗaya ce, bibiya kuwa ta shekaru ce, don haka ya samu likitan gida da zai karɓe shi in ya dawo.

Wayar salula na kawo ƙari?

Manyan bincike ba su nuna haka ba, kuma yawan masu ƙarin bai tashi ba duk da yaɗuwar waya. Abin da aka tabbatar shi ne haske mai ƙarfi da aka taɓa ƙona kai da shi, musamman a yarinta, da wasu cututtukan gado ƙalilan. A yawancin mutane ba a gano dalili, kuma ba laifin abin da suka ci ko suka yi ba ne.

Ana warkewa?

Ya danganta da sunan ƙarin. Da yawa daga masu meninjiyoma da fituwitari da wasu ƙarin yara suna komawa rayuwarsu, wasu bayan watanni a hannun masu gashin ƙashi da masu koyar da magana. Giliyobilastoma kuwa har yau ba a samu maganin da ke kawar da shi ba. Tsarin da ake bi ya fito ne daga gwajin da Roger Stupp ya jagoranta aka buga a 2005: tiyata, sai ƙonawa na mako 6 haɗe da ƙwayar temozolomayid, sai a ci gaba da ƙwayar na wasu watanni. Ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga kimanin wata 12 zuwa kusan wata 15, masu kai shekara 2 kuma daga kashi 10 zuwa kashi 26. Wannan ƙari ne ya yi ajalin sanatocin Amurka Edward Kennedy a 2009 da John McCain a 2018, mutanen da ba kuɗi ko asibiti suka rasa ba.

Faɗin wannan ga iyali wani ɓangare ne na aikin da ba a koyarwa da wuƙa. Sau da yawa babban ɗa kan tare likita a baranda: "Likita, don Allah kada a gaya wa Baba." Likita mai hankali ba ya yin ƙarya, ba ya kuma jefa magana. Yakan zauna ya tambayi mai ciwon, "Baba, me ka fahimta game da ciwon nan, kuma me kake so ka sani?" Dattawa da yawa sun riga sun gane, suna kuma da bashi da wasiyya da suke so su daidaita tun bakinsu na fita.

Wane irin mutum ne ya dace da wannan aiki?

Mai iya tsayuwa awa 8 hankalinsa a wuri ɗaya, mai iya duba iyalin da aikinsa ya bar ɗan'uwansu da naƙasa ya faɗa musu abin da ya faru, washegari kuma ya shiga wani aikin hannunsa ba ya rawa. Mata na yi, a Najeriya ma akwai su. Ba sai ɗan gata ba: Alfredo Quiñones-Hinojosa, ɗaya daga sanannun likitocin ƙari a Amurka, ya shiga ƙasar daga Meziko a 1987 ya fara da aikin ƙwadago a gona kafin ya kai makarantar likitanci ta Harvard. Ɗalibin da ke sha'awa ya nemi izini ya yi makonni a sashen, ya ga zagayen safe da kiran dare da ɗakin kulawa ta musamman, ba ɗakin tiyata kaɗai ba.

Me za mu riƙe idan za mu je ganinsa?

Hoton kansa, a faifai ko a fim, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin likitan da idonsa yake son gani. Tsofaffin hotuna ma a haɗa, su ne ke nuna saurin girma. A kawo duk magungunan da ake sha a kwalayensu, har na gargajiya, musamman asfirin da masu tsinka jini. Idan akwai farfaɗiya, wanda ya ga faɗuwar ya biyo, in an ɗauka a waya ya fi. Sannan a yi tambayoyin nan kai tsaye: me kake zaton ƙarin ne, burinka cire duka ko rage shi, me zai iya rasawa, me zai faru in ba a yi ba, wane magani ne zai biyo baya kuma a ina ake samunsa. Bayan aiki a karɓi sakamakon gwajin naman a rubuce a adana, domin duk likitan da za a gani nan gaba shi zai fara nema.